Tambayi Likita: Iskar da ke buɗe wa ƙwaƙwalwa hanyar jini idan jijiya ta toshe

Yawancin saƙonnin da suka taru a wurina kwanakin nan kan shanyewar ɓarin jiki ne, kuma akwai sunan wani sinadari da ya yi ta dawowa a cikinsu: naitirik oksayid. Wasu a bakin masu tallar magani a Facebook suka ji shi, wasu kuma a aji. Na zaɓo bakwai na haɗa su wuri ɗaya, domin amsar wannan tana haska ta wancan.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya tashi zai yi alwalar asuba, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Mun tsaya ana tofi da shafe-shafe, sai bayan la'asar muka kai shi asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta toshe, kuma da mun zo da wuri da an ceci wani sashe na ƙwaƙwalwar. Ashe ba lokaci ɗaya wurin yake mutuwa ba? Me ke riƙe da sauran? (Wani magidanci daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Malam, gaskiya likitan ya faɗa maka, amma kada ka zauna kana cin kanka da nadama. Gidaje da yawa haka suke yi, don ba a taɓa yi musu bayani ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo yanzu, shi take ci yanzu. Ka ɗauki lambun rani. Idan babbar hanyar ruwa ta toshe, fangalin da ita kaɗai ke shayarwa shi zai fara bushewa. Waɗanda ke gefe kuwa suna ɗan samun tsattsafi daga hanyoyin maƙwabta, sai su yi yaushi amma ba su mutu ba tukuna. Haka abin yake a kai. Tsakiyar wurin da jinin ya yanke yana mutuwa cikin mintuna. Kewayensa yana nan da rai, ya daina aiki kawai, yana rayuwa da ɗan jinin da ƙananan jijiyoyin gefe ke zagayowa da shi. Wannan kewayen shi likitan ke nufi.

A nan naitirik oksayid ke shigowa. Iska ce, ba ta da launi, kuma jikinka ne ke ƙera ta. Cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Ita ke fitar da wannan iska, iskar ta ratsa cikin naman da ya naɗe jijiyar ta sa ya saki, jijiya ta buɗe, jini ya ƙaru. Tana kuma hana ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini mannewa da juna, tana hana fararen ƙwayoyin jini liƙewa a bango su ƙara cushe hanya. Daƙiƙu kaɗan take yi ta ɓace, don haka sai an yi ta ƙera sabuwa. Mutumin da shimfiɗar jijiyoyinsa ke da lafiya, hanyoyin gefen nan sun fi buɗe masa. Wanda hawan jini da suga da taba suka shekara suna goge masa ita, nasa kewayen ya fi saurin bushewa.

Sai dai riƙon na ɗan lokaci ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe ba a buɗe ta ba, mutum na asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Na san ba kowane asibiti ke da allurar ba, kuma tana da tsada. Duk da haka zuwa da wuri yana da riba: za a duba suga, a sauke zazzaɓi, a kula da hawan jini yadda ya dace, a gwada ko yana iya haɗiya. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa suka yi ta ɗura masa ruwan rubutu da kunu saboda ƙauna, alhali maƙogwaronsa ya shanye. Abin duk huhu ya tafi. Ciwon huhun ne ya fi ba mu wahala, ba shanyewar ba. Addu'a ba a hana ta, a yi ta a cikin mota ana tafiya, amma kada a ba shi komai ta baki.

Yanzu abin da ya rage wa Baba: kada a yi wasa da gashi da motsa gaɓoɓi, a riƙa juya shi a kan gado don gudun gyambon kwanciya, kuma maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ga sauƙi.

Tambaya: Likita, ni ɗalibar harhaɗa magunguna ce. Wani malaminmu ya ce naitirik oksayid yana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa idan jini ya yanke, wani littafi kuma ya ce shi ke kashe su. Wanne zan ɗauka? (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, ɗauki duka biyun, ba wanda ya yi kuskure. Wannan tambayar ta daɗe tana rikita masana kansu.

Mu ɗan koma baya. A 1980 Robert Furchgott, a birnin New York, ya lura cewa jijiyar zomo tana saki idan aka ɗiga mata wani sinadari, amma idan aka goge shimfiɗar cikinta sai ta ƙi. Ya gane shimfiɗar ce ke aika wani saƙo, bai dai san mene ne ba. Tsakanin 1986 da 1987 shi da Louis Ignarro, da kuma Salvador Moncada a Ingila, suka nuna cewa saƙon naitirik oksayid ne, iskar da a da aka fi saninta da gurɓata sama daga hayaƙin mota. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Jiki yana ƙera iskar daga sinadarin arjinin, kuma maƙeran uku ne. A littafinki za ki gan su da sunayen eNOS da nNOS da iNOS. Na farko yana shimfiɗar jijiyar jini, na biyu yana cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, na uku kuma sai kumburi ya taso yake bayyana. Iska ɗaya suke fitarwa, amma wuri da lokaci da yawa sun bambanta, kuma nan ne duk rikicin yake.

Na bangon jijiya shi ne mai taimako, kamar yadda na bayyana wa mai tambaya ta farko. Na cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa kuwa, a ranar lafiya aikinsa kai saƙo ne tsakanin ƙwayoyi, kaɗan-kaɗan. Amma da zarar jini ya yanke, ƙwayoyin sukan rasa ƙarfin riƙe kansu, su kwararo da sinadarin gulutamet fiye da kima. Shi kuma ya buɗe ƙofofin maƙwabtansu, kalsiyam ya yi ambaliya ciki, ya tayar da maƙerin nan ya shiga ƙira ba ƙaƙƙautawa. A daidai lokacin akwai wani gurɓataccen nau'in oksijin da ke yawaita a wurin. Idan suka haɗu sai su haifi feroksinaitirait, guba mai lalata furotin da kitsen bangon ƙwaya da ƙwayoyin gado. Ƙwayar ta shiga gyaran ɓarnar, ta ƙarar da ɗan kuzarin da ya rage mata, ta mutu. Maƙeri na uku yana zuwa a makare, bayan awanni zuwa kwanaki, tare da ƙwayoyin kumburi, kuma shi idan ya fara yana zubo iskar da yawan gaske, ya faɗaɗa ɓarnar.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga ɓeraye ta fito. Masu bincike a Boston sun samar da ɓerayen da ba su da maƙerin ƙwayar ƙwaƙwalwa, suka toshe musu jijiya. Rahotonsu na 1994 ya nuna wurin da ya mutu ya fi ƙanƙanta. A 1996 suka yi da waɗanda ba su da maƙerin bangon jijiya, sai wurin ya fi girma. Kin ga amsarki ke nan a fili. Shi ya sa maganin da zai rufe maƙeran uku gaba ɗaya ba zai yi ba, zai kashe mai ceto tare da mai ɓarna. An ƙera wani magani mai suna nerinetide da nufin raba maƙerin ƙwayar ƙwaƙwalwa da ƙofar gulutamet kawai. An gwada shi a kan mutum 1,105, sakamakon ya fito a 2020, kuma a jimlace bai nuna fifiko ba. Idan za ki rubuta a jarrabawa, ki fara da cewa wane maƙeri ake magana, kuma a wace awa.

Tambaya: Mijina yana da ƙwayar da yake sawa a ƙarƙashin harshe idan ƙirjinsa ya riƙe. An ce tana buɗe jijiya. Idan wani ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki a gida, zan iya sa masa kafin a kai asibiti? (Wata Hajiya daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, kada ki yi. Tunaninki ba na banza ba ne, manyan likitoci ma sun yi shi, har suka gwada.

Ƙwayar nan naitirogilisarin ce, kuma a jiki tana komawa naitirik oksayid. Tun 1879 ake ba masu ciwon ƙirji ita, kusan shekara ɗari kafin a san yadda take aiki. Alfred Nobel kansa, wanda ya yi arziki da nakiyar da ake haɗawa da ita, likitoci sun rubuta masa ita a ƙarshen rayuwarsa.

Masu bincike na Jami'ar Nottingham a Ingila sun jagoranci gwaji a kan mutum 4,011 masu shanyewar ɓarin jiki, aka liƙa wa rabinsu filastar maganin a fata har kwana bakwai. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna hawan jini ya sauka, amma bayan wata uku waɗanda aka liƙa wa ba su fi sauran warkewa ba. Aka ce ko an makara ne. Sai aka sake gwadawa a cikin motar asibiti, cikin awa huɗu na farko, a kan mutum 1,149. Sakamakon 2019 ma babu riba, har aka ga alamar cutarwa ga waɗanda jijiya ta fashe musu. Wani gwajin irinsa a ƙasar Holan an dakatar da shi kafin ya kammala saboda wannan fargabar.

Dalilin a bayyane yake. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, toshewa da fashewa, kuma da ido ba a bambance su, ko likita sai da hoton kai. Idan fashewa ce, buɗe jijiya da hana jini daskarewa ƙara wa wuta fetur ne. Idan toshewa ce, hawan jinin da kike gani a lokacin sau da yawa jiki ne ke turo jini da ƙarfi ta hanyoyin gefe, in kin sauke shi farat ɗaya kin yanke wa kewayen ɗan abin da yake samu. Haka asfirin, kada a ba shi sai an yi hoto. Ki kwantar da shi ta gefe, ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, a nemi mota.

Tambaya: Ana tallar wasu ƙwayoyi da garin sha a intanet, wai suna ƙara naitirik oksayid, suna wanke jijiya, suna hana shanyewar jiki. Ina da hawan jini. In saya in bar na asibiti? (Wani ɗan kasuwa daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, kada ka bar na asibiti, kuma kuɗinka ka kai su wurin mai kayan miya. Wannan tallar tana ɓata mini rai, domin na ga mutanen da suka ajiye maganin da ke riƙe da su saboda ita.

Yawancin waɗannan kayan arjinin ne ko ɗan'uwansa sitirulin. Babu gwajin da ya nuna suna hana shanyewar ɓarin jiki. Akwai ma wanda ya tsorata mu: a Amurka an ba mutanen da suka yi bugun zuciya arjinin, mutum 153 ne a gwajin, shida suka rasu cikin masu shan sa, babu ko ɗaya cikin waɗanda ba su sha ba, aka tsayar da gwajin. A 2006 aka buga shi.

Hanyar da ta fi tabbas tana cikin tukunya. Ganye irin su alayyafo da latas, da bitirut da ake nomawa a Jos, suna ɗauke da sinadarin naitiret. Idan ka ci, jiki yana dawo da shi cikin yawu, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke bayan harshe su juya shi, ka haɗiye, ya zama naitirik oksayid. Shi ya sa yawan kurkure baki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da dalili ba yake iya ɗan ɗaga hawan jini. A wani gwaji a Landan, masu hawan jini da suka riƙa shan kofi ɗaya na ruwan bitirut kullum har mako huɗu, lambar sama ta sauka da kusan 8, ta ƙasa da kusan 4. Taimako ne, amma bai kai ya maye gurbin magani ba.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya da Kumasi inda kake. An kwatanta mutum 2,118 masu ciwon da wasu 2,118 masu lafiya, aka buga a 2018. Hawan jini ne ya yi wa sauran dalilai fintinkau, an danganta masa kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon. Rashin cin ganye a kai a kai ma ya fito cikin manyan dalilai. Don haka ka yawaita miyar ganye da kwaɗo, ka rage gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen. Ka riƙa tafiyar ƙafa da sauri, domin gudun jini a kan shimfiɗar jijiya shi ne babban abin da ke sa ta ƙera iskar. Idan kana shan taba ko shisha, ka bari. Mai ciwon ƙoda ko mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya tuntuɓi likitansa kafin ya canja cimarsa.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara shida yana da sikila. An ce a kai shi a duba jijiyar kansa da na'ura don kada ɓarin jikinsa ya shanye. Ni na ɗauka ciwon tsofaffi ne. Me ya haɗa yaro da shi? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai shi cikin makon nan, kada ki jira sai ya yi ciwo. Cikin tambayoyin yau wannan ce ta fi taɓa ni.

A wani babban bincike a Amurka an ga kusan kashi 11 cikin ɗari na masu sikila mai SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, kuma ƙananan yara ne suka fi shiga haɗarin. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna fashewa da wuri a cikin jijiya. Jan sinadarin da ke cikinsu idan ya zubo waje yana zuƙe naitirik oksayid nan take, kuma suna sakin wani abu da ke cinye arjinin ɗin da ake ƙera iskar da shi. Sai jijiya ta rasa mai sassauta ta, bangonta ya yi kaushi, ƙwayoyi su riƙa mannewa. Ki haɗa da ƙarancin jini da ke tilasta wa jinin gudu da ƙarfi zuwa kai. A hankali manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke.

Na'urar da aka ce miki ba ta da zafi, ba allura, ba yanka. Ɗan mai ake shafawa a gefen kai kusa da kunne, a ɗora ta a auna gudun jini, yaro yana kwance yana jin ƙarar jininsa kamar iska tana kaɗawa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗari ya yi yawa. Irin waɗannan yara idan aka bar su, kusan 10 cikin 100 suke faɗuwa a kowace shekara. Wani gwaji a 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90, amma ke ma kin san wahalar neman jini kowane wata a wurinmu.

Saboda haka likitocinmu suka nemi wata mafita, kuma a garinku aka yi aikin. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 da na'urar ta nuna suna cikin haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, rabi 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna a duka ɓangarorin waɗanda suka faɗi ba su kai 2 cikin 100 a shekara ba. Maganin yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, yana rage fashewar ƙwayoyi, shi kansa kuma yana sakin naitirik oksayid a jiki. Likita ne ke auna shi yana bin jinin yaro, ba a saya a kemis a fara da ka.

Ana so a riƙa yin awon kowace shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan kika ga yana jan ƙafa, ko cokali ya faɗi daga hannunsa, ko maganarsa ta canja, ko da na minti biyar ne ya dawo daidai, ki ɗauke shi sai asibiti, ki ce musu mai sikila ne.

Tambaya: Ina shan maganin ciwon ƙirji na isosobaid. Akwai laifi in haɗa da maganin ƙarfin maza? (Wani bawan Allah, bai faɗi gari ba)

Amsa: Akwai babban haɗari, Malam. Maganinka yana ƙara naitirik oksayid, shi kuma sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, yana hana saƙon iskar gushewa. Idan suka haɗu jijiyoyin jiki duka sukan saki lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas, zuciya da ƙwaƙwalwa su rasa rabonsu. Mutane sun mutu ta haka. Ka kuma yi hattara da na kwalba da na shayi da ake cewa na gargajiya ne zalla, an sha auna irinsu a ga sildenafil a ɓoye a ciki. Ka faɗa wa likitan zuciyarka damuwarka kai tsaye, ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa raunin gaba alama ce ta cewa shimfiɗar jijiyoyi ta fara gajiya.

Tambaya: Abokaina suna zuƙar iskar balan-balan, sun ce ita ce likitoci ke cewa tana buɗe jijiyar ƙwaƙwalwa. Haka ne? (Matashi daga Abuja)

Amsa: Ɗana, ba ita ba ce, suna ne ya yi kama. Ta balan-balan naitirus oksayid ce, wadda ake amfani da ita a ɗakin tiyata a gauraye da oksijin. Zuƙarta zalla tana hana ƙwaƙwalwa oksijin, kuma tana kashe aikin bitamin B12, laka ta lalace. Yakan fara da jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, daga nan tafiya ta gagara. A 2023 hukumar NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita ba bisa ƙa'ida ba. Idan cikin abokanka akwai wanda ƙafarsa ta fara dindiris, ya daina yau, ka raka shi asibiti, kuma ya faɗa wa likita ainihin abin da yake zuƙa don a fara masa allurar B12 da wuri.